Baƙon da Ke Cikin Zanen Biji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa wadda tun ba ki fita ƙofa ba ta riga ta kama ni, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Lahore lafiya, kin sami ɗakinki, kin sa wani abu mai zafi a cikinki. Na cusa ta a cikin sallayarki ne don na san ita za ki fara zarowa daga akwati. Abbanki yana sa miki albarka. Allah Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, waya tana nan domin wannan. Akwai maganganun da bakina ba zai iya furtawa a filin jirgi ba, ga jama'a, ga Abbanki yana ta cewa yalla, yalla, a yi sauri za a rufe ƙofa. Kin san 'yan uwa a Funtuwa har yanzu suna tambayata dalilin da zai sa yarinya mai ƙwaƙwalwa irin taki ta bar likitanci ta tafi karatun tsofaffin zane-zanen mutanen Indiya, na addinin da ba nata ba. Ina ce musu Allah Ya raba wa kowa abincinsa. Amma ke ina so in gaya miki abin da na gani da idona a kan wannan hanya taki, da wuraren da na yi tuntuɓe, don kada ƙafarki ta bi sawun tawa.

Lokacin da muka tare a unguwar Al Sadd a nan Doha kina firamare, ƙofar da ke kallon tamu ta su Anti Harjit ce. Mijinta na fara gani a bakin lif, dogo, da gemu har ƙirji da rawani naɗaɗɗe tsaf. Na rusuna na yi masa sallama na ce masa Malam. Ya amsa mini sallamar cikin ladabi, kamar yadda kowa ke amsawa a garin nan, ni kuwa na shiga gida na gaya wa Abbanki Allah Ya haɗa mu maƙwabtaka da malami. Kwana kaɗan na soya dubulan na kai wa matarsa. Ta zaunar da ni a falo, ta kawo shayi mai citta da madara, ta gaya mini lissafi take koyarwa a wata makarantar 'yan mata. A bangon da ke gabana akwai hoton wani tsohon zane. Dattijo ne mai farin gemu da hula, ya jingina da tumtum a gindin bishiya, carbi a hannunsa, fuskarsa a kwance kamar wanda ya gama wuridi. Ban yi wata-wata ba na ce mata, Masha Allah, wane shehi ne wannan, ko na Ƙadiriyya ne?

Ta yi murmushi, ba irin na raini ba. Ta ce ba ni ce ta farko da ta faɗi haka ba. Su ba Musulmi ba ne, ba kuma Hindu ba ne, Sikh ne, kuma wannan shi ne Guru na farko, wato na farkon malamansu goma da addininsu ya ginu a kansu. Kin fi ni sanin sunayensu, ni har yau da lamba nake riƙe su don harshena ba ya juya su daidai. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kofin hannuna. Ita kuwa sai ta taso ta tsaya kusa da hoton, ta ce masu zane na wancan zamani duk wani bawan Allah haka suke zana shi, hula da carbi da gindin bishiya, don haka waɗannan ba su isa shaida ba. Ta nuna mini wani mutum a gefe, a zaune yana kaɗa wani abu mai tsirkiya kamar molo. Ta ce wannan Musulmi ne, abokin tafiyarsa ne har tsufa. Ta nuna wani a bayansa yana yi masa fifita da gashin ɗawisu. Sannan ta ce, “Idan kin ga makaɗin nan, to kin ga Guru. Ba fuskarsa ake fara dubawa ba, waɗanda ke zaune tare da shi ake dubawa.”

Rashin sani ba laifi ba ne, Ummi. Inda na kuskure shi ne na laƙaba suna kafin in yi tambaya. Na ga abin da ya yi kama da na gidanmu, na ɗauka namu ne. Kama da wane ba ta wane. Inda kika je za ki ga rawuna da gemuna da carbuna fiye da yadda kika taɓa gani, a kan takarda da kuma a kan titi. Ki rage gaggawar cewa ai wannan na san shi. Ki tsaya, ki duba wa ke gefensa, ki tambayi masu abu. Ke ma kuma da abokan zamanki za a gane ki, ki lura da wanda kike bari ya zauna a gefenki.

Daga nan kika fara zuwa wurinta da yamma, wai tana taimaka miki da lissafi. Lissafin kam ya gyaru, amma ba shi kike dawo mini da shi ba. Tana da wani ƙaton littafi na hotunan tsofaffin zane, shi kuke buɗewa in kun gama. Sai ki shigo kicin ina tuƙa tuwo ki tsaya a bayana kina zuba. Mama, in kin ga ƙaramin yaro a kan karaga da haske kewaye da kansa, manya suna tsaye a gabansa, na takwas ne, don yana yaro ya rasu. In kin ga mai takubba biyu, na shida ne. In kin ga mai tuntu a rawani da farin shaho a hannu a kan doki mai shuɗi-shuɗi, na goma ne. Idonki yana ƙyalli kamar an ba ki kyautar sallah. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Na ce a raina yarinyar da ba ta gama haddace izu biyu ba ta haddace malaman wasu. Sai na hana ki zuwa. Ban gaya wa Harjit dalili ba, na ce mata an ƙara muku lokacin Islamiyya. Kin yi kuka, na ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Watanni muna gaisawa sama-sama a bakin lif. Wata safiyar Juma'a muka yi kiciɓis a kasuwar kayan miya ta Abu Hamour, ni ina zaɓen tattasai, ita ta rungumo damin ganye. Ta ajiye kayanta ta tambaye ni kai tsaye ko ta yi mini wani laifi ne. Na so in sake fakewa da Islamiyya, amma yadda take kallona ya hana ni. Na gaya mata tsoron da nake ji. Na zaci za ta yi fushi. Sai ta gyaɗa kai ta ce da ita ce ma za ta ji wannan tsoro, uwa ce ita ma. Ta ce ita kanta ba ta sunkuya wa hoto, littafinsu mai tsarki suke girmamawa, kuma mahaifinta har ya rasu ba ya son a rataye hoto a wurin ibada. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe duk ranar da kike wurinta, da la'asar ta yi sai ta rufe littafin, ta kai ki ɗakin ciki inda babu hoto ko ɗaya, ta shimfiɗa miki wankakken zanen gado. Tun makon farko ta je ta tambayi inda alƙibla take a ginin. Ta ce akwai ranar da kika ce sai kin gama kallon wani shafi, ta ƙwace littafin ta ce sai kin yi salla.

Na tsaya a tsakiyar kasuwa da ledar tattasai a hannu. Matar da nake tsoron za ta raba ki da sallarki ita ce ke tsare miki ita. Abin da nake so ki riƙe a nan biyu ne. Imaninki ba ƙwai ba ne da zai fashe don kin kalli abin wasu, muddin kina riƙe da sallarki a kan lokacinta da karatunki na safe. Ki riƙe su da kyau, ko kina tsakiyar aiki ki tashi. Na biyu, in wani abu ya tsaya miki a rai game da mutum, ki same shi ki gaya masa cikin mutunci. Fakewa da uzurin ƙarya ya cinye mini watanni na zama da mace irin Harjit, ba kuma za su dawo ba. Kuma yadda ta girmama abin da ba ta yi imani da shi ba saboda ke, haka nake so ki yi wa nasu. Ki wanke hannu kafin ki taɓa, kada ki ajiye a ƙasa, kada ki yi wasa da sunan da wani yake ambata da rawar murya.

Sai maganar Biji. Kin san ta, kina wurin, amma akwai ɓangaren da ba ki ji daga bakina ba.

Kin tuna kina shekarar ƙarshe a jami'a a nan Doha aka kawo Biji, surukar Harjit, daga Punjab ta ƙasar Indiya don a duba mata zuciya. 'Yar tsohuwa ƙanƙanuwa, farin mayafi, hannuwa kamar busasshen kara, amma murya tana nan daram. Ta zo da abu guda da ba ta yarda a sa a cikin kaya ba, a jikinta ta riƙo shi har cikin jirgi. Ƙaramin zane ne a kan takarda mai kauri, bai fi tafin hannu biyu ba, a naɗe cikin ƙyalle. Mutum ne a kan doki, tuntu a rawaninsa, shaho a hannunsa, wani bara yana biye da shi a ƙasa. Gidansu kaf sun tashi a kan cewa Guru na goma ne. Lokacin da aka raba ƙasarsu gida biyu, Biji tana ƙaramar yarinya, suka baro ƙauyensu a ɓangaren Lahore da ƙafa, suka yi gudun hijira zuwa ɓangaren Indiya. Mahaifiyarta ta bar tukwane da shanu da komai, ta ɗaura wannan zane a ƙirjinta ƙarƙashin riga, ta ja hannun Biji. Cikin waɗanda suka fito tare ba duka suka isa ba. Tun daga nan zanen yake kan kanta mafi tsawo a duk gidan da suka zauna, kuma Biji ba ta karyawa sai ta tsaya a gabansa.

Ɗanta, mijin Harjit, yana so bayan ranta a miƙa zanen ga wani wurin ibadarsu a can gida, inda jama'a za su riƙa gani. Biji ta yarda. Sai suka ce tunda ga ki kina karatun abin, ki duba ki rubuta musu bayani a kansa, wane zamani ne, wane yanki. Biji da kanta ta ce 'yar gida ce za ta duba, ba baƙo ba.

Na raka ki ranar. Kika wanke hannu, kika gyara mayafi, kika ɗauke shi kika kai bakin taga. Hasken la'asar yana shigowa a karkace. Na ga kin daɗe a kan kusurwa ɗaya da gilashin ƙara girma, sannan kika karkata takardar, kika sake karkatawa. Na san fuskarki. Kika ce musu kina so ki yi nazari tukuna, muka fito.

A kicin ɗinmu kika gaya mini. Kin ce a hannun baran nan akwai wani curin koren fenti da aka yi kamar damin ganye, amma koren bai yi daidai da sauran koren zanen ba, daga baya aka shafa shi. In haske ya bugo ta gefe ana ganin tudun abin da ke ƙasa. Tukunyar shisha ce. Har mesarta ana iya bin sawunta, ta tashi daga hannun baran ta lanƙwasa ta nufi bakin mahayin. Kika ce duk wanda ya girma a Doha ya san wannan siffa ko a mafarki. Sarakunan tsaunukan can haka ake zana su, suna tafe a kan doki bara yana biye da tukunya. Shaho kuwa da tuntu kowane basarake yana da su, kamar yadda muke ganin masu shaho a nan. Amma Guru na goma shi ne ya hana mabiyansa taba, ba mai zanen da zai sa masa ita a baki. Ga shi kuma gemun mahayin a gyare yake, an rage gefensa, alhali su ba sa taɓa gashinsu da almakashi. Kika ce wani ne can da daɗewa ya shafe tukunyar, ko don ya sayar, ko don ƙauna, Allah kaɗai Ya sani.

Abin da na ce miki ina tuna shi kalma da kalma. Na ce ki rufe bakinki. Na ce tsohuwa ce mai ciwon zuciya, uwarta ta ratsa wuta da wannan abu, ke wace ce da za ki zo da gilashinki ki rushe mata shekara saba'in da wani abu? Ki rubuta abin da suke so su ji, ai kara ma addini ce. Na kawo miki maganar abin da babba ya hango. Sai kika ce in aka rataye shi a wurin ibada mutane za su riƙa rusuna wa mai shan taba da sunan wanda ya hana ta, kuma da sa hannunki. Na ce wannan ba ruwanki.

Ba ki bi maganata ba, ba ki kuma saɓa mini a fili ba. Kika je kika sami Harjit ita kaɗai, kika nuna mata a bakin taga. Kika gaya mata abin da kike da yaƙini a kansa da abin da kike zato kawai, kika ce a kai wa waɗanda suka fi ki sani su tabbatar. Aka aika hotuna ga wata farfesa, amsarta ta dawo daidai da taki. Mijin Harjit ya ce a ɓoye wa tsohuwa, ra'ayinsa irin nawa. Harjit ta ce a'a. Ta ce Biji ba yarinya ba ce, kuma abin nata ne, ba za a yi ta rusuna mata ana yi mata ƙarya a cikin gidanta ba.

Biji ba ta karɓi maganar da sauƙi ba, kada wani ya gaya miki gaskiya tana shiga kamar zuma. Ta juya fuska bango. Ta ƙi abinci, har sai da aka kira likita. In na shiga gaishe ta sai ta rufe ido. Ni kuwa na dawo gida na sauke miki kwandon faɗa, na ce ga abin da iliminki ya jawo. Kin sha kuka a ɗakinki, ban shiga na rarrashe ki ba. Wannan yana cikin abubuwan da nake neman ki yafe mini.

Sai da aka kwashe makonni, wata ranar Asabar da hantsi Harjit ta ƙwanƙwasa ta ce Biji tana kiran mu, mu biyu. Muka same ta a zaune, an taje mata kai, zanen yana kan cinyarta. Ta ce ki nuna mata. Kika durƙusa kika riƙe mata gilashin, kika ɗora yatsanta a gefen wurin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi magana da harshensu, Harjit tana fassara mana. Ta ce ta yi fushi da ke, ta yi fushi da uwarta, ta yi fushi har da mutumin da ke kan dokin. Amma ta yi tunani, Guru bai taɓa zama a cikin takarda ba, kuma wanda ya tsallakar da su ranar nan ba fenti ba ne. Ta ce da a ce ta mutu an rataye wannan a wurin ibada, da ta tafi da kuskure a bayanta ba ta sani ba.

Sai ta dafa kanki ta ce, “Wannan mutum ya yi gudun hijira tare da mu. Ya kwana a ƙirjin uwata. Shekara da shekaru muna kiransa da sunan da ba nasa ba, bai taɓa yin ƙorafi ba. Shi ma ɗan wata ne. Ki nemo mini sunansa.”

Ummi, na ga mutane masu ilimi da masu dukiya a garin nan, amma ban taɓa ganin ƙarfin zuciya irin na tsohuwar nan a wannan safiya ba. Ni da na ce ina kare ta, ashe raina ta na yi. Na ɗauka ba za ta iya ɗaukar gaskiya ba, alhali ta ɗauki abin da ya fi wannan nauyi tun tana 'yar ƙarama. Don haka ga nasihata, kuma daga wurinki da Harjit na koye ta. Kada ki sa hannunki a kan abin da idonki ya ƙaryata, ko da ni ce na ce ki sa. Amma ki bi ta ƙofar da ta dace, kamar yadda kika bi ta wurin Harjit. Ki zaɓi lokaci, ki sassauta murya, ki rarrabe abin da kika tabbatar da abin da kike zato. Za a kawo miki zane-zane da yawa da mutane suka rataya zukatansu a kai. Wani za ki ce masa eh, shi ne, ya tafi yana murna. Wani za ki ce masa a'a. Ki tuna kowace takarda da aka ɗora a teburinki wani ne ya ɗauko ta daga wani wuri, wataƙila a ƙirjinsa. Kada sanin fenti da takarda ya sa ki manta da mai ita.

Biji ba ta jira amsar ba, kin sani, ta bar zanen a hannun Harjit ta koma gida, a can Allah Ya karɓi abinsa. Jiya da na shiga wurin Harjit karɓo miki yajin da ta haɗa, na ga inda ta sa zanen. Ta sauko da shi daga kanta ta sama, ta jera shi a cikin hotunan dangi, tsakanin mahaifin Biji da wani kawunsu. Ta ce nan ne wurinsa har sai an san ko shi wane ne.

Ga ki yanzu a ƙasar da aka fito da shi, inda Biji ba ta sake takawa ba. Ki yi karatunki, kada neman mutum ɗaya ya hana ki sauran. Amma in Allah Ya sa wata rana kika buɗe wani tsohon kundi kika ci karo da wannan fuska da sunanta a rubuce, Harjit za ki fara kira kafin ni. In kuma kika gama shekarunki ba ki same shi ba, ki dawo ki ce mata ban same shi ba. Kada ki ƙirƙiro masa suna don ki faranta mana rai. An riga an yi masa haka sau ɗaya.

Ki ci abinci a kan lokaci, ki rufe ƙirjinki in sanyinsu ya shigo, an ce ba irin na nan ba ne. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki irin waɗanda Ya haɗa mu da su a ƙofar da ke kallon tamu. Allah Ya ba ki ido mai gani da harshe mai taushi, Ya dawo mana da ke lafiya, da imaninki da iliminki. Na yafe miki duniya da lahira.

Mahaifiyarki,
daga Al Sadd, Doha.